Amsoshin Tambayoyinku: Zan karɓi ragowar hayar mota a Kalifoniya, ni kuma ina Bronx

TAMBAYA

Ni mazaunin unguwar Bronx ne a birnin New York. Na ci karo da wata mota a intanet wadda wani mutum a Los Angeles ya ɗauko daga kamfani a kan hayar shekara 3, irin hayar nan da muke kira lis. Ya ci rabin wa'adin, yanzu yana neman wanda zai karɓi sauran wata 18. Kuɗin watan ya yi daidai da aljihuna, har ya ce zai ɗora mini dala 1,000 idan na karɓa. Kamfanin ya binciki tarihin bashina ya amince, sa hannu kaɗai ya rage. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda motar za ta iso. In hau jirgi in je in tuƙo ta, ko in ba masu tirela? Na rubuta lambar wayata a wani shafi na masu jigilar motoci, kafin la'asar mutum ya fi goma sun kira ni, wannan ya ce dala 700, wancan ya ce 1,900. Da wa zan yarda? Sannan idan komai ya daidaita, ina da niyyar aika motar gida wajen iyali nan gaba. Hakan zai yiwu?

Daga wani mai karatu, Bronx, Amurka.

AMSA

Malam, na ji daɗi da ka ce sa hannu ne ya rage, domin mafi amfanin abin da zan faɗa maka, kafin sa hannu ake yin sa.

Motar nan ba ta mutumin Los Angeles ba ce, kuma ko ka sa hannu ba za ta zama taka ba. Takardar mallaka tana wajen kamfanin da ya ba da hayar, yawanci reshen bashi na masu ƙera motar, irin su Toyota Financial Services ko BMW Financial Services, ko kuma wani banki. Kai dai za ka maye gurbin wancan mutumin ne. Ka gaji kuɗin watansa, ka gaji ragowar mil ɗin da aka yanka masa, ka kuma gaji duk ɓarnar da ya yi wa motar. Ranar da wa'adi ya cika, mai duba mota zai zo ya zagaye ta da takardarsa, kuma ba zai tambaye ka wanda ya ƙwarzane bamba ba. Sunan da ya tarar a kan yarjejeniya shi za a aika wa lissafi. To kafin motar ta tsaya a ƙofar gidanka za ta bi ta hannu uku: hannun tsohon mai hayar, hannun direban tirela, sannan naka. Biyun farko za su kama gabansu. Duk abin da ba a rubuta ba a lokacin da ta bar hannun wannan ta shiga hannun wancan, a kanka zai ƙare.

Saboda haka aikinka na farko yana Los Angeles, tun motar tana ƙofar gidan mutumin. Ka nemi bakanike mai zaman kansa a can, wanda kai za ka biya kuma kai zai kawo wa rahoto. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su je har gida su duba mota su turo hotuna. Ka ce ya leƙa ƙarƙashinta, ya duba gilashin gaba ko akwai tsaga, ya duba kujeru ko an ƙona ko an yaga, ya kuma auna zanen tayoyi. Maganar taya na nanata ta domin ita mutane suka fi mantawa. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar tayar da zanenta ya gaza kashi ɗaya cikin takwas na inci, kuma motar da ta yi shekara ɗaya da rabi a hanya, tayoyinta sun riga sun ci rabin rayuwarsu ko fiye. Kai ne za su suɗe a hannunka. Idan motar Jamus ce, tayoyi huɗu kaɗai suna iya lashe dala 1,000 ɗin da ya yi maka alkawari. Ka karɓi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka nemi tarihin motar a Carfax ko AutoCheck, ka ga ko ta taɓa haɗari. Kowane kamfanin haya kuma yana da ɗan littafin da ya bayyana irin lalacewar da yake yafewa da wadda yake caja. Ka nemo shi, ka ajiye shi gefen rahoton bakanikenka, ka karanta su tare. Abin da ka ga ya wuce iyaka, ko mutumin ya gyara kafin ka karɓa, ko ya ƙara maka kuɗin gyaran.

Ka kuma nemi asalin yarjejeniyar, kada ka tsaya a kan abin da aka rubuta a tallan intanet. Tun 1976 dokar tarayya ta wajabta wa masu ba da irin wannan haya su bayyana sharuɗɗanta a rubuce, don haka komai yana ciki: mil nawa aka yarje, santi nawa za a caja a kan kowane mil da ya haura, da kuɗin da ake biya ranar mayar da mota, wanda yakan kai ɗaruruwan daloli. Dala 1,000 ɗin nan kuma ku rubuta ta, da ranar biya. Da ni ne kai, zan ce ta shigo hannuna ranar sa hannu, tun motar ba ta hau tirela ba.

Yanzu ga tambayarka ta tuƙowa. Daga Los Angeles zuwa New York kusan mil 2,800 ne, wato wajen kilomita 4,500, tuƙin sama da awa 40 idan ba a tsaya ba. Mutum ɗaya zai ci kwana huɗu ko biyar. Ka lissafa tikitin jirgi, ka lissafa kwanan otal, ka lissafa mai: motar da ke cin galan ɗaya a mil 28 za ta sha galan 100. Ka ƙara kwanakin aikin da za ka rasa. Duk wannan lissafi ne da mai sayen mota ma zai yi. Kai mai haya kana da ƙarin wani, wato mil. A ce hayar ta mil 12,000 ce a shekara, jimla 36,000, kuma mutumin ya riga ya ci 22,000. Saura 14,000 da za su kai ka wata 18. Tafiya ɗaya zuwa gida za ta cinye kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya rage maka, tun ba ka je aiki da ita ko sau ɗaya ba. Idan a ƙarshe ka haura iyaka, kuma cajin santi 25 ne a kan mil, wannan tafiya kaɗai dala 700 ce. Ga duwatsun hanya da za su yi ta bugun fenti da gilashi. Idan kuma lokacin sanyi ne, hanyar I-80 a jihar Wyoming iska da dusar ƙanƙara kan sa a rufe ta, I-70 kuma tana hawa duwatsun Colorado har sama da ƙafa 11,000. Wanda bai saba da irin wannan tuƙi ba, bai kamata ya fara koyonsa da motar da bai sani ba.

Shawarata ka ba masu tirela. Inda kawai zan ce ka tuƙo shi ne idan mutumin bai ci mil da yawa ba, lokacin zafi ne, kana da hutu, kuma da ma kana sha'awar ganin ƙasar. Jirgin ƙasa ba zai taimake ka ba. Wanda Amtrak ke ɗaukar motoci da shi hanya ɗaya yake bi, daga Lorton a jihar Virginia zuwa Sanford a Filorida.

Sai dai kada ka tsayar da ranar ɗauka har sai kamfanin haya ya tabbatar maka a rubuce cewa yarjejeniya ta koma sunanka. Amincewa da tarihin bashinka mataki ɗaya ne kawai. Takardu kan yi makonni suna kai da komo, wani lokaci kuma maganar ta watse. Idan mota ta hau hanya alhali tana sunan wancan, sannan wani abu ya same ta, za ka tarar kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, kai kuma ka biya kuɗin ɗauko motar da ba ka da iko a kanta. Inshorarka ta fara aiki daga ranar da hayar ta koma sunanka, kada ka jira sai motar ta iso. Kamfanonin haya sukan nemi inshora mai nauyi fiye da ƙaramar da jiha ta wajabta, wadda ta haɗa da lalacewar motar kanta, kuma sai an rubuta sunansu a ciki a matsayin masu motar. Ka tambayi kamfanin inshorarka baki da baki ko suna rufe mota yayin da take kan tirela. Ka kuma tambayi kamfanin haya ko kariyar giɓi tana nan a sunanka, wato wadda ke cike bambanci tsakanin abin da inshora za ta biya da abin da ake bin motar idan ta lalace gaba ɗaya.

Mutanen da suka kira ka, da wuya a sami mai tirela a cikinsu. Dillalai ne. Shafin da ka sa lambarka ya sayar musu da ita ne, shi ya sa wayarka ta ƙi hutawa. Aikinsu irin na ɗan kamasho ne a tasha: ba shi da mota, amma shi ke haɗa fasinja da direba ya ɗauki la'adarsa. Dillali zai ɗauki bayanin motarka ya liƙa a wani allon intanet da direbobi ke dubawa, mafi shahara shi ne Central Dispatch, ya rubuta inda za a ɗauka, inda za a sauke, da kuɗin da direba zai samu. Direban da zai taso daga Kalifoniya da gurbi tara a tirelarsa zai duba allon ya zaɓi waɗanda suka fi tsoka. Daga nan za ka gane abin da dala 700 take nufi. Wanda ya faɗa maka ita ya san babu direban da zai ɗauki mota mil 2,800 a kan abin da zai rage bayan ya cire la'adarsa. So yake ka ba shi kafin alƙalami. Sai mako ya wuce, na biyu ya wuce, kana biyan kuɗin wata da inshora a kan motar da ba ka gani ba, sannan ya kira ka ya ce an sami direba amma sai ka ƙara dala ɗari biyar ko shida. A lokacin ka gaji, za ka biya.

A 'yan shekarun nan, ɗauko ƙaramar mota daga wannan gaɓar teku zuwa waccan a buɗaɗɗiyar tirela yakan haura dala 1,000, yakan kuma kusanci 2,000 idan motar babba ce ko lokaci ya matse. Ka jera farashin da aka ba ka, ka jefar da na ƙasa da na sama, ka duba inda mafi yawa suka taru. Nan ne farashin gaskiya na wannan makon. Ba na ganin laifin dillali a kan kansa, domin kai ba za ka iya nemo direban da zai bi hanyarka a ranar da kake so ba, shi kuwa zai iya. Sai dai ka tantance shi. Akwai hukumar tarayya mai kula da masu jigila a kan hanya, FMCSA, ƙarƙashin ma'aikatar sufuri. Kowane dillali da kowane mai tirela da ke tsallaka jihohi dole ya yi rajista da ita ya sami lamba. Ka ce ya ba ka lambarsa, ka shiga shafin hukumar ka duba: rajistar tana raye, sunan ya yi daidai, kuma a matsayin me ya yi ta, dillali ko mai ɗauka. Tun 2013 doka ta wajabta wa dillali ajiye jingina ta dala 75,000, wannan ma ana gani a shafin. Kada ka biya ko sisi sai an ba ka sunan kamfanin da zai ɗauka da ranar ɗauka. Abin da za ka biya dillali kuma ka biya da katin bashi, domin shi ne kake iya jayayya a kansa daga baya. Wanda ya ce ka tura ta Zelle ko ka sayo masa katin kyauta tun ba a ga tirela ba, kashe wayarka. Ciko yawanci direba ake ba ranar sauke mota.

Da zarar an ba ka sunan mai tirela, shi ma ka duba lambarsa, sannan ka nemi takardar shaidar inshorarsa. A nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Inshorar da dokar tarayya ta tilasta masa ta ɓarnar da zai yi wa wasu ce a kan hanya. Inshorar kayan da ya ɗauko daban take, kuma ita ce ta shafe ka. Ka duba adadinta, ka tuna cewa adadin na dukan lodin ne. Idan dala 250,000 ce a kan motoci tara, raba ka gani. Ka kira lambar kamfanin inshorar da ke jikin takardar ka ji ko tana aiki har yau. Ranar ɗauka kuma a duba sunan da lambar da ke jikin ƙofar tirela. Idan ba su yi daidai da wanda aka ba ka ba, kada a miƙa makulli, domin akwai masu karɓar aiki su sayar wa wani a ɓoye, idan an yi ɓarna a rasa wanda za a kama.

Buɗaɗɗiyar tirela ta ishe ka. Da irinta ake kai sababbin motoci wajen masu sayarwa kullum. Rufaffiya ta fi tsada ƙwarai, ta masu motocin alfarma ce. Abin da za ka iya roƙa shi ne a ɗora taka a hawa na sama, ko da za ka ƙara wani abu kaɗan, saboda motocin da ke ƙasa su ne mai da ruwan birki na waɗanda ke samansu ke ɗiga wa.

Ranar ɗauka ita ce ranar da na fi ji maka, domin ba ka wurin, wanda zai tsaya a madadinka kuma shi ne mutumin da ya ƙosa ya rabu da motar. Direba zai sauko da takardar lodi, a takarda ko a wayarsa. A jikinta akwai zanen mota ta gaba, ta baya, ta gefe da ta sama. Zai zagaya yana sa alama: ƙwarzane a ƙofar baya, lotsawa a kan but, tsaga a gilashi. Sannan ya rubuta abin da mitar tafiya ta nuna, ya miƙa a sa hannu. Ka lura da inda son ran kowa ya karkata. Direba ya fi son ya rubuta lahani da yawa, ko ya rubuta cewa mota ta yi datti ba a iya dubawa, domin duk abin da ya rubuta a nan ba za a kama shi da shi a Bronx ba. Tsohon mai hayar kuwa ya fi son takarda ta fito tas, ko kuma bai damu ba sam, ya sa hannu ya koma cikin gida. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tsaye dominka. Don haka ka roƙi mutumin tun da wuri ya wanke motar, a yi ɗaukar da rana, ya kira ka ta bidiyo ka zagaya tare da su. Ka ce ya ɗauki hoton kowane ɓangare daga kusa da daga nesa, da rufin, da ƙarƙashin bambar gaba inda take gogar ƙarfe wajen hawa, da kowace ƙafa, da mitar tafiya tana kunne. Ya turo maka hoton takardar lodin kafin ya sa hannu, ka gwada da rahoton bakanikenka. Idan kana da ɗan'uwa ko aboki a yankin, kuɗin man da za ka ba shi ya je ya tsaya ba asara ba ne.

Ka sa a ƙirga kayan motar a gabanka: makulli biyu, littafin mota, tabarmin ƙasa, safaya ko kayan faci, da wayar caji idan mai lantarki ce. Duk wanda ya ɓata cikinsu za a caje ka ranar mayarwa, makullin zamani kuma ɗaya yakan ci ɗaruruwan daloli. A ba direba ɗaya, ɗayan a aiko maka ta gidan waya da lambar bibiya. A bar mai kamar kwata na tanki, a kashe ƙararrawar ɓarayi, a cire na'urar biyan kuɗin hanya ta FasTrak da ke manne a gilashi, don tana iya yin ta caji alhali motar tana kan tirela. Kada ka ce a cika but da kaya. Tirela tana da iyakar nauyi, fam 80,000 a manyan hanyoyin tarayya, ana auna ta a hanya, kuma inshorar direba ba ta rufe kayan da ke cikin mota.

Bayan ta tashi sai haƙuri. Doka ta hana direba tuƙa fiye da awa 11 ba tare da ya huta awa 10 ba, akwai na'ura a motarsa da ke rubuta wannan, ga kuma sauran motoci da zai ɗauka ya sauke a hanya. Ka sa ran mako ɗaya zuwa kwana goma. Ranar da aka faɗa maka kintace ce, kada ka mayar da motar da kake amfani da ita yanzu saboda ita.

Tirelar da ta ɗauko motoci tara ba za ta shiga layinku a Bronx ba. Hanyoyi irin su Bronx River Parkway an haramta wa motocin kasuwanci, gadojinsu ma gajeru ne. Direba zai kira ka ya ce ku haɗu a filin fakin na wani babban kanti, wataƙila ma a New Jersey. Ka yarda, amma ka nemi a yi da rana. Idan dare ya kama dole, ka tafi da tocila mai ƙarfi, da tsumma, da mutum na biyu. Motar za ta sauko da ƙurar jihohi goma a jikinta, direba kuma yana sauri, yana son kuɗinsa ya wuce. Kada saurinsa ya zama naka. Ka buɗe hotunan Los Angeles a wayarka, ka bi ɓangare ɓangare, ka goge inda kake shakka. Ka hau bakin ƙofa ka duba rufi, ka durƙusa ka duba ƙarƙashin bamba, ka duba mitar tafiya. Ka tayar da ita ka ga ko wata fitilar gargaɗi ta kama. Duk sabon abin da ka gani, ka rubuta shi a jikin takardar lodi kafin ka sa hannu, direba ma ya sa hannu a wurin, ka ɗauki hoto tirelar tana bayan motar. Idan ya ce ka sa hannu kawai, gobe ka kira ofis, kada ka yarda. Sa hannu a takarda mai tsabta shaida ce cewa ka karɓi mota lafiya.

Idan an yi ɓarna, mai tirela za ka bi, domin dokar Carmack ta 1906 a wuyan mai ɗauka ta rataya alhakin kayan da suka tsallaka jihohi. Dillali zai iya taimaka maka da matsin lamba, amma da wuya ya biya. Ka rubuta buƙatar diyya da adadin kuɗi, haɗe da kiyasin gareji da hotunan kafin da bayan. Doka ta hana a ba ka ƙasa da wata 9 don shigar da ita, shi kuma dole ya amsa cewa ya karɓa cikin kwana 30, ya biya ko ya ƙi ko ya yi tayi cikin kwana 120. Amma kada ka jira wata 9, ka aika a makon. Ka sanar da kamfanin haya da kamfanin inshorarka, ka kuma yi gyaran a garejin da kamfanin haya ya yarda da shi, don gyaran da bai yi kyau ba shi ma ana caja.

Akwai kuɗin da ba ka ambata ba, ina kuma zaton ba ka sa shi a lissafi ba: haraji. Kalifoniya wata wata take karɓar harajin hayar mota, yana cikin kuɗin watan da ka gani. New York kuwa a dunƙule take karɓa tun farko. Don haka ka shirya biyan haraji a kan ragowar watannin gaba ɗaya. A birnin New York kashi 8.875 ne cikin ɗari. Idan kuɗin wata kafin haraji dala 400 ne, wata 18 ya zama 7,200, harajin kuma dala 639. Ka tambayi kamfanin haya ko su za su karɓa ko a ofishin rajistar motoci za ka biya, ka kuma tabbatar sun cire na Kalifoniya daga kuɗin watanka. Rajistar kanta ba za ta yiwu ba sai kamfanin ya aiko da takardar wakilci da shaidar mallaka, wannan kuma yakan ɗauki lokaci, don haka ka nema tun ranar sa hannu. Inshorar dole ta zama ta New York, sannan a kai motar gwajin lafiya da hayaƙi. Lambar Kalifoniya tana bin mota ne, da ita za ta iso, amma rajistar tana sunan wancan mutumin. Duk tarar fakin ko ta kyamara da za ta hau kanta can za ta tafi, ta dawo maka da ƙari.

Maganar aikawa gida kuwa, muddin tana kan haya ba zai yiwu ba. Kwastan na Amurka suna neman asalin takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a fitar da mota, idan kuma ta haya ce, sai da rubutaccen izinin kamfanin da ya mallake ta. Kamfanin da zai yarda motarsa ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, inda hannunsa ba zai kai ba, ban ga dalilin da zai sa ya yarda ba. Idan wani ya ce maka ya san yadda za a cusa ta a kwantena ba tare da takarda ba, ka guje shi, wannan fitar da dukiyar wani ce, kuma sunanka ne a kan yarjejeniyar.

Hanyar halal ita ce ka saye ta. A cikin yarjejeniyar akwai farashin da aka yanke tun ranar farko, wanda mai haya zai iya biya a ƙarshen wa'adi ya mallaki motar. Ka tambayi kamfanin ko wannan dama ta koma gare ka tare da hayar. Idan ka biya, da harajinsa, takardar mallaka ta fito da sunanka ba tare da sunan wani banki a jiki ba, sai ka kai ta tashar jiragen ruwa ta Newark ko Baltimore kamar kowace mota. Wanda zai saye kuma ba a cajinsa kuɗin haura mil ko na ƙwarzane, wannan zai sauƙaƙa maka abubuwa da dama. Amma tunda niyyarka ke nan, ka duba wannan farashi yau, ka haɗa shi da kuɗin wata 18, da kuɗin tirela, da haraji, sannan ka gwada jimlar da abin da ake sayar da irin motar nan a New York ko New Jersey. Idan ta kusa da kai ta fi araha, ka ba mutumin Los Angeles haƙuri tun ba ka sa hannu ba.